Daga dandamali zuwa majalisa: yadda mai suna zai shiga siyasa, bisa tafarkin Glenda Jackson

A ranar 9 ga Afrilu, 1992, masu zaɓe a mazaɓar Hampstead da Highgate da ke arewacin Landan suka zaɓi wata mata 'yar shekara 55 ta wakilce su a majalisar dokokin Birtaniya. Sunanta Glenda Jackson, kuma a lokacin da wuya a sami gida mai talabijin a ƙasar da ba a san fuskarta ba, domin sau biyu tana lashe kyautar Oscar ta gwarzuwar 'yar wasa, ta kuma fito a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a wani wasan talabijin na BBC da ya zagaya duniya. Daga wannan rana ta jingine sana'arta, ta yi shekara 23 tana aikin majalisa, ba ta sake hawa dandamali ba sai bayan da ta sauka daga kujerar da kanta.

Na rubuta wannan jagora domin ɗan wasa, ko mawaƙi, ko ɗan ƙwallo, ko duk wanda sana'arsa ta sa jama'a suka san shi, namiji ne ko mace, wanda zuciyarsa ta fara raya masa ya nemi kujerar siyasa. Tsarin zaɓen Birtaniya ya bambanta da namu ta fuskoki da dama, saboda haka ba kowane takun da ta yi ba ne zai kwaikwayu yadda yake. Abin da ba ya canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa shi ne cewa suna yakan buɗe wa mutum ƙofa amma ba ya yi masa aikin da ke cikin ɗakin, kuma a sanina babu wanda ya fahimci haka sosai, ya kuma yi aiki da shi na tsawon lokaci, kamar wannan mata.

Ka fara da sanin abin da ya tayar da kai

Kafin ka sanar da kowa, ka zauna kai kaɗai ka rubuta a jimla ɗaya abin da kake so ya canza a rayuwar mutane idan aka zaɓe ka. Idan jimlar ta ƙi tsayawa sai ka saka sunanka ko yawan masoyanka a ciki, to lokaci bai yi ba tukuna.

Glenda Jackson ba ta sha wahalar samun tata jimlar ba, domin da ita ta tashi. An haife ta ranar 9 ga Mayu, 1936, a garin Birkenhead, wanda kogin Mersey ne kawai ya raba shi da Liverpool, ta kuma girma a Hoylake da ke kusa. Mahaifinta birkila ne, mahaifiyarta kuwa shara da goge-goge take yi wa mutane tana haɗawa da tsaron kanti, ita ce kuma babba cikin 'ya'ya mata huɗu. Ta bar makaranta tana 'yar shekara 16, ta yi shekara biyu tana sayar da kaya a kantin magani na Boots, sannan a 1954 ta sami tallafin karatu zuwa RADA, babbar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Landan. Da babu wannan tallafi da 'yar birkila ba ta kai can ba, kuma ita kanta ta san haka. Bayan ta kammala ma ba nan take abin ya yi kyau ba: ta yi shekaru tana yawon ƙananan gidajen wasa na larduna, akwai kuma lokacin da aikin wasan ya ɗauke mata ɗungurungum har ta koma kai wa mutane abinci a gidan cin abinci da sauran ayyukan neman na tuwo. Tun tana budurwa ta shiga jam'iyyar Labour, wato tun kafin kowa ya san ta, kuma da ta yi suna ta ci gaba da ba da lokacinta ga yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu da kuma ƙungiyoyin da ke taimakon marasa matsuguni.

Abin da ya fitar da ita daga goyon baya zuwa neman kujera shi ne mulkin Margaret Thatcher ta jam'iyyar Conservative, wadda ta riƙe muƙamin firaminista daga 1979 zuwa 1990. Jackson ta sha faɗa cewa abin da ta ga wannan mulki yana yi wa talakawa, da kuma maganar da Thatcher ta yi a 1987 mai nuna cewa babu wani abu wai shi al'umma sai ɗaiɗaikun mutane da iyalai, su ne suka hana ta zama. Kana iya yarda da ra'ayinta ko ka ƙi, miliyoyin 'yan Birtaniya sun ƙi, har sau uku suka zaɓi Thatcher. Abin lura a nan shi ne tushen dalilin nata, tun daga shigarta jam'iyya, ya girme wa takararta da shekaru kusan 40, saboda haka duk ɗan jaridar da ya tambaye ta abin da ya kawo ta yakan sami amsa iri ɗaya, ba ta da buƙatar wani ya rubuta mata.

Ka gwada kanka da wannan ma'auni. Shin kafin 'yan siyasa su fara zuwa gidanka, ka taɓa ba da lokacinka ko kuɗinka ga lamarin da kake cewa shi ne ya dame ka, a inda babu kyamara? Idan amsar a'a ce, ka fara yin hakan yanzu, ka bar takara sai wani zagaye.

Neman tikiti da zaɓen mazaɓa

A Birtaniya kowace mazaɓa ɗan majalisa ɗaya take fitarwa, kuma wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ne ya ci, ko da ƙuri'a ɗaya ce ratar. A jam'iyyar Labour 'yan jam'iyya na mazaɓar ne suke da babbar murya wajen fid da ɗan takara, saboda haka mai nema dole ya bi su reshe-reshe, ya tsaya gabansu a ƙananan ɗakunan taro, su yi masa tambayoyi kan gidajen haya da makarantu da asibiti. Irin waɗannan mutane sun yi shekaru suna raba takardun jam'iyya cikin sanyi da ruwan sama ba a biya su ko kwabo ba, kuma ba abin mamaki ba ne su dubi shahararre da shakka, suna ganin ya zo ne ya girbe gonar da bai noma ba. Jackson ta bi wannan hanya, ta fafata da wasu masu nema, aka fid da ita a 1990, wato shekara biyu kafin babban zaɓe.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, ka girmama waɗanda ka tarar. Kada ka yarda wani babba ya ɗauko ka daga sama ya dasa a kansu, ko da ya yi maka tayin haka, domin ranar da babban ya juya maka baya su kaɗai ne za su iya riƙe ka, kuma ba za su riƙe wanda aka tilasta musu ba. Na biyu, ka lura da irin kujerar da ta nema. Hampstead da Highgate tana hannun jam'iyyar Conservative tun shekaru masu yawa, ba tabbatacciyar kujerar Labour ba ce da za a ce an ba ta kyauta. Ta kayar da ɗan takarar Conservative, Oliver Letwin, da ratar ƙuri'a 1,440, a shekarar da jam'iyyarta ta faɗi zaɓen ƙasa John Major ya ci gaba da mulki. Wanda ya ƙwato wa jam'iyya kujera daga hannun abokan hamayya yana shiga majalisa da wani haƙƙi da babu mai iya musa masa, kuma wannan ne wuri guda da sunan mai suna yake da amfani na gaskiya: yana sa a buɗe ƙofa idan ya ƙwanƙwasa. Abin da zai faɗa bayan an buɗe, nan ne aikin yake.

Shekaru biyun nan da ke tsakanin samun tikiti da zaɓe su ne makarantarka ta farko. Ka bi gida-gida da ƙafarka, ka riƙe littafi kana rubuta abin da aka faɗa maka, kuma idan wani ya fi son ya yi hira kan fim ɗin da ya gan ka a ciki, ka amsa masa cikin fara'a a taƙaice sannan ka tambaye shi abin da ya dame shi a unguwarsu.

Ka ajiye sana'ar, ka riƙe tarbiyyarta

Wannan ne mataki mafi wuya, kuma a nan ne yawancin masu suna suke gazawa. Jackson ta bar wasa gaba ɗaya, ba ta riƙe shi a gefe tana komawa lokacin hutu ba. Ta ɗauka cewa wakilci cikakken aiki ne, kuma mutanen da suka zaɓe ta ba su zaɓi rabin lokacinta ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma a wannan fage maganar gaskiya ce tsagwaronta, domin ranar da aka neme ka a majalisa ko a mazaɓa aka ji kana wurin ɗaukar fim, duk abin da ka gina zai rushe, mutane za su ce da ma sun faɗa.

Ka yi lissafin wannan tun da wuri, da alƙalami da takarda. Ka kammala duk kwangilar da ka sa wa hannu kafin zaɓe, kada ka karɓi wata sabuwa, ka sallami tallace-tallacen kamfanoni domin gobe kana iya zama a kwamitin da zai binciki ɗaya daga cikinsu. Ka zauna da iyalinka ku duba ko za ku iya rayuwa da albashin kujerar kaɗai, saboda wanda ya shiga da tsadar rayuwar da albashi ba zai ɗauka ba ya riga ya buɗe ƙofar da za a saye shi ta cikinta. A nan halin Jackson ya taimake ta ƙwarai. Tun tana kan ganiyarta ba ta ɗauki ƙyalƙyalin sana'ar da muhimmanci ba: sau biyun da ta ci Oscar, a 1971 da 1974, ba ta halarci bikin ba, ta kuma miƙa wa mahaifiyarta kyaututtukan ta ajiye a gida. Wanda bai saba da tafi a matsayin abinci ba, ba zai ji yunwa ba ranar da aka daina tafa masa.

Amma barin sana'a ba ya nufin zubar da abin da ta koya maka. Jackson ta ƙware ne a hannun darakta Peter Brook a kamfanin wasan Royal Shakespeare a tsakiyar shekarun 1960, inda ake shafe makonni ana maimaita gwaji kafin a buɗe labule, kowa yana zuwa a kan lokaci da rubutunsa a ka, babba da ƙarami suna jingine da juna. Lokacin da aka ce mata ta bar wani gidan wasa ne kawai ta koma wani, amsar da ta bayar ita ce idan haka ne to 'yan wasan majalisa ba su yi isasshen gwaji ba. Wannan tarbiyya ce za ka tafi da ita: zuwa da wuri, karanta takarda tun daga farko har ƙarshe kafin ka buɗe baki, sauraron wanda ke magana maimakon jiran ya gama ka faɗi naka, da kuma jure ƙi. Ɗan wasa ya saba a gwada shi a ce bai dace ba, ya koma gida, gobe ya sake fitowa. Kaɗan ne cikin 'yan siyasa suka sami irin wannan horo.

Ka yarda ka koma ɗalibi

Sabon ɗan majalisa ƙarami ne ko da ya tara kyaututtukan duniya. A majalisar Birtaniya yana zama ne a kujerun baya, yana miƙewa yana zama sau da yawa kafin kakakin majalisa ya dube shi, bulaliyar jam'iyya kuma tana gaya masa ta inda zai jefa ƙuri'a. A 1992 mata 60 ne kawai cikin 'yan majalisa 651, saboda haka Jackson ta shiga wurin da maza suka mamaye, da yawansu kuma suna jira ta yi kuskure.

Abin da ta yi, kuma shi nake ba ka shawara, shi ne ta ƙi zama wakiliyar 'yan wasa. Kowa zai yi zaton harkar al'adu da gidajen wasa za ta kama, amma sai ta karkata ga sufuri da gidaje, wato jiragen ƙasa da motocin safa da halin waɗanda ke kwana a titi. Fanni ne maras armashi, cike da alƙaluma da rahotanni, amma shi ne yake taɓa kowane ma'aikaci a Landan safe da yamma. Jam'iyya ta ba ta magana da yawunta kan sufuri tun suna adawa, kuma da Tony Blair ya kafa gwamnati a 1997 ya naɗa ta ƙaramar ministar sufuri mai kula da Landan, ƙarƙashin mataimakin firaminista John Prescott. Idan ka kama fannin sana'arka za a riƙa ganin ɗan wasa ne yake kare 'yan uwansa. Idan ka kama fannin da ba a san ka da shi ba, ka kuma iya shi har masana suka yarda, to daga nan ne za a daina ambaton tsohuwar sana'arka a gaban sunanka.

Akwai kuma aikin da ba a nunawa a talabijin. 'Yan majalisar Birtaniya suna da al'adar ware lokaci a kai a kai su zauna a ɗakin karatu na unguwa ko zauren coci ko ofishin jam'iyya, mutane su shigo ɗaya bayan ɗaya da kokensu, kuma sunan da suke kiran wannan zama shi ne sunan ɗakin da likita yake duba marasa lafiya. Teburi ne da kujeru biyu ko uku. Mai shigowa yakan zo da jakar leda cike da wasiƙu: uwa mai 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya da danshi ya cinye bangonsa, tsohon da aka dakatar masa da kuɗin tallafi, baƙon da takardun zamansa suka maƙale a ma'aikatar cikin gida. Ɗan majalisa ba shi da ikon ba da gida ko takarda, abin da yake da shi shi ne wasiƙa mai ɗauke da tambarin majalisa wadda hukuma ba ta iya yin biris da ita, da kuma naci. Hampstead ta yi suna da attajirai da marubuta, amma a cikin mazaɓar akwai gidajen ƙaramar hukuma da talakawa masu yawa, kuma su ne suke cika irin wannan zama. Ko tsarin ƙasarka bai tanadi wannan ba, ka ƙirƙira wa kanka: rana sananniya, wuri sananne, ma'aikaci mai rubuta kowane koke da ranar da ya shigo da abin da aka yi a kansa. Kada ka mayar da shi wurin rabon kuɗi, domin wanda ka ba kuɗi zai dawo gobe da matsalarsa yadda take.

Faɗuwa, da saɓa wa shugaba

Ba zan ɓoye maka ba cewa a ma'aunin muƙami Jackson ba ta yi nisa ba. Ba ta taɓa shiga majalisar manyan ministoci ba. A 1999 ta ajiye muƙaminta domin ta nemi tikitin Labour na sabuwar kujerar magajin garin Landan, ta zo ta uku da tazara mai nisa bayan Frank Dobson da Ken Livingstone. Dobson ya sami tikitin, Livingstone ya fita ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa ya ci zaɓen a 2000, ita kuwa ta koma kujerun baya, ba ta sake riƙe muƙamin gwamnati ba. A ganina ta yi gaggawa a wannan takara, domin sunan da ya taimake ta a mazaɓa ɗaya bai isa ya tsaya gaban mutum biyu da kowannensu ya yi shekaru yana gina jama'arsa a cikin jam'iyyar ba. Kafin ka saki abin da ke hannunka ka nemi na sama da shi, ka ƙirga mutanen da za su tsaya maka a cikin jam'iyya da sunayensu, kada ka ƙirga masu tafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ta yi bayan faɗuwar. A lokacin tana da shekara 63, kuma da ta ce ta koma fim da an karɓe ta hannu bibbiyu. Ta zauna, ta ƙara shekara 15 tana aikin mazaɓa.

A wannan tsakani ne ta raba gari da Blair. A watan Maris na 2003 majalisa ta yi muhawara kan shiga yaƙin Iraki, 'yan Labour 139 suka bijire wa gwamnatinsu, tana cikin masu adawa da yaƙin, daga baya kuma ta fito fili ta ce ya kamata Blair ya sauka. Idan irin wannan rana ta zo maka, akwai ladabinta. Ka tabbata lamarin babba ne wanda lamirinka ba zai iya haɗiye shi ba, domin wanda yake bijirewa a kan komai ba a jin muryarsa ranar da ta kamata a ji. Ka gaya wa shugabannin jam'iyya matsayinka kafin su ji a jarida, ka bayyana wa mutanen mazaɓarka dalili, sannan ka san cewa ka rufe wa kanka ƙofar muƙami a hannun wannan shugaba. Mai suna yana da wata dama a nan da sauran ba su da ita: ba kujerar ce ta yi shi ba, saboda haka barazanar ƙwace ta ba ta girgiza shi kamar yadda take girgiza wanda ba shi da wata sana'a. Amfanin wannan dama shi ne a faɗi gaskiyar da wasu ke tsoron faɗa.

Ƙuri'a 42

A zaɓen 2010 an sake shata iyakokin mazaɓu, tata ta koma Hampstead da Kilburn, aka shigo da unguwannin da ba su taɓa zaɓenta ba, jam'iyyarta kuma tana faɗuwa a faɗin ƙasa bayan shekara 13 a kan mulki. Takarar ta zama ta mutum uku kankankan. Sai da aka sake ƙirga ƙuri'u kafin a bayyana sakamako: Jackson 17,332, Chris Philp na Conservative 17,290, ɗan takarar Liberal Democrat kuma yana biye da su kurkusa. Ratar ƙuri'a 42 ce, babu wadda ta kai ta ƙanƙanta a Ingila a wannan zaɓe.

Mutum 42 ba su cika motar safa ɗaya ba. Yawancin matasan da suka yi zaɓe a wannan shekara ba a haife su ba lokacin da ta ci Oscar ta biyu, saboda haka ba fim ne ya kawo waɗannan ƙuri'u ba, kuma ina da yaƙinin cewa shekaru 18 na amsa wasiƙu da zaman sauraron koke suna da babban rabo a ciki. Ka ɗauka cewa sunanka zai ci maka zaɓe ɗaya, na farko. Daga na biyu zuwa sama, abin da ka yi ne za a duba. Ka kuma tanadi wakilai amintattu a wurin ƙirga, waɗanda suka san doka, suka san lokacin da ake neman a sake ƙirgawa, kuma ba sa barin teburi sai an sa hannu.

Lokacin da za ka saki murya

Mutane da yawa sun yi mamakin yadda ta yi shekaru ba ta nuna bajintar dandamali a majalisa ba, wasu ma sun zarge ta da ɗaure fuska da rashin armashi. Ina ganin da gangan ta yi, domin ta san ana jira ta yi wasa a ce wasa take yi. Ranar da ta saki muryar gaba ɗaya ita ce 10 ga Afrilu, 2013, kwana biyu bayan rasuwar Thatcher, lokacin da aka kira majalisa daga hutu domin yabon marigayiyar. Yawancin 'yan Labour ba su zo ba, kujerun gefensu kusan babu kowa. Jackson ta miƙe ba takarda a hannunta, ta yi magana kan abin da ta gani da idonta a zamanin wancan mulki: makarantun da littattafansu suka yage ake liƙe su, asibitocin da suka lalace, mutanen da ke kwana a ƙofofin kantuna a Landan, da yadda aka mayar da haɗama da son kai abin yabo. 'Yan Conservative suka yi ta ihu, ba ta tsaya ba. Da ta zauna wani daga cikinsu ya kai ƙorafi cewa ba ranar suka ba ce, kakakin majalisa John Bercow ya yanke cewa ba ta karya wata ƙa'ida ba.

Akwai masu ganin bai dace a yi irin wannan magana a kan wadda ba a ko binne ba, kuma wanda ya tashi cikin tarbiyyarmu zai fahimci wannan ƙorafi sosai. Ni kaina na daɗe ina juya shi. Abin da ya sa nake kawo jawabin a nan shi ne yadda aka gina shi. Ba ta kawo alƙaluman da ba za ta iya karewa ba, ta kawo abin da ta gani. Ba sabon ra'ayi ba ne da ta ɗauko domin ranar, shi ne dai dalilin da ya shigo da ita tun 1992. Kuma ya yi nauyi ne saboda shekaru 21 na aikin shiru sun gabace shi. Da a shekararta ta farko ta yi shi, da an ce 'yar wasa ce ta sami dandamali. Ka adana baiwar maganarka domin abu ɗaya ko biyu da ka san su ciki da waje, sauran ranakun kuma ka yi magana a taƙaice da hujja.

Yadda ake sauka

Tun a 2011 ta sanar cewa ba za ta sake tsayawa ba, wato shekara huɗu kafin zaɓe, ta ce shekaru sun ja kuma lokaci ya yi da wani zai karɓa. Wannan sanarwa da wuri ta ba jam'iyya damar fid da ɗan takara cikin natsuwa a mazaɓar da ƙuri'a 42 ce ta riƙe ta, aka fid da Tulip Siddiq, ta kuma ci kujerar a 2015. Kai ma ka yanke ranar saukarka tun kana da ƙarfi, ka faɗe ta a fili, ka bar 'yan jam'iyya su zaɓi magajinka, ka miƙa masa fayilolin koken da ba a kammala ba domin masu su ba su san da canjin hannu ba.

Idan ka bar sana'arka da mutunci, ba ka yi wasa da ita ba kuma ba ka sayar da ita ga siyasa ba, za ka iya tarar da ita tana jiranka. Jackson ta fara komawa ta wasan rediyo na BBC a 2015. A 2016, tana da shekara 80, ta hau dandamalin gidan wasa na Old Vic a Landan ta fito a matsayin Sarki Lear na Shakespeare, rawar da aka rubuta wa namiji, wadda takan ɗauki sama da awa uku kuma takan gajiyar da waɗanda ba su kai shekarunta ba. A 2018 ta ci kyautar Tony ta wasan dandamali a New York tana da shekara 82, a 2020 kuma ta ci kyautar BAFTA ta fim da talabijin a Birtaniya saboda fitowar da ta yi a talabijin a matsayin tsohuwa mai ciwon mantuwa, irin mutanen da iyalansu suka sha zama gabanta da jakar wasiƙu. Ta kammala fim ɗinta na ƙarshe tare da ɗan wasa Michael Caine, sannan ta rasu a gidanta da ke Blackheath a kudu maso gabashin Landan ranar 15 ga Yuni, 2023, tana da shekara 87, 'yan watanni kafin a fara nuna shi.